Yadda ake haɗa kundin zane da ƙaro, zoɓo da baƙin tukunya

Kundin zane littafi ne na mutum shi kaɗai, inda yake haɗa rubutu da zane da launi da 'yan tarkacen da ya liƙa, ya sauke abin da ke ransa a kan takarda. Ba na baje koli ba ne, ba kuma malamin da zai duba ya ba da maki. Wata rana shafi ya cika da rubutu, wata rana launi ɗaya ne kawai da kwanan wata, kuma duka biyun sun yi.

Yawancin darussan da ake gani a intanet suna farawa ne da jerin kayan da za a saya: fentin ruwa, takarda mai tsada, buroshi kala-kala. Wanda ke Mai Wurno ko Gadarif ko Kassala ko Damazin a nan Sudan ya san samun irin waɗannan ba wasa ba ne, balle tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Amma fentin ruwan da ake yi a Turai ɗin, abin da ke riƙe launinsa a jikin takarda ƙaro ne, kuma Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro. Ke nan muhimmin sinadarin yana kasuwarmu. Sauran kuma suna madafa.

Takarda da ɗinki

Takarda ita ce ke yanke hukuncin abin da za a iya yi a shafi. Ta littafin makaranta ko ta fotokofi, mai nauyin giram 70 zuwa 80 a kowane murabba'in mita, tana ɗaukar biro da fensir, amma da ta sha ruwa sai ta yamutse, launi ya naso ta baya. Ta littafin zanen 'yan makaranta, mai giram 120 zuwa 160, ita ce madaidaiciya, kuma ana samunta a maktaba, wato shagon littattafai da kayan rubutu. Mai giram 300 ta masu fentin ruwa ce. In ta samu madalla, in ba ta samu ba kada a jira ta.

In siririyar kawai ke hannu, a liƙe biyu-biyu. A shafa gam fari siriri da gefen kwali daga tsakiya zuwa baki, a ɗora ta biyun, a murje da tafin hannu, a danne da abu mai nauyi ta kwana. Gam in ya yi yawa shi ne ke sa takarda ta yi tudu da kwari, kuma in ta bushe a haka ba ta miƙewa.

Kada a raina takardar buhun siminti. Ibrahim El-Salahi, shahararren mai zanen nan da aka haifa a Omdurman a 1930, da aka tsare shi a kurkukun Kober a 1975, a kan guntayenta yake zane da guntun fensir, ya binne a yashi kada masu gadi su gani. Takarda ce mai ƙwari, tana jure ruwa fiye da ta fotokofi, kuma farin alli da baƙar tawada suna fitowa ras a kanta. A ɗauki fallen tsakiya wanda siminti bai taɓa ba, a kaɗe, a goge da ƙyalle mai ɗan laima.

Ɗinkin ba wuya. A sami falle 6 na A4 in masu kauri ne, ko 10 in sirara ne, a ninka kowanne gida biyu, a cusa su cikin juna. Falle 6 suna ba da shafi 24. Kada a zarce haka: duk abin da aka liƙa yana ƙara wa littafi ciki, kuma ƙaramin kundi da aka cika ya fi ƙarfafa gwiwa a kan ƙaton da aka bari a rabi. A yanko bango daga kwali mai laushi, irin na ganyen shayi ko na magani, ya ɗara takardun da rabin santimita ta kowane gefe. A buɗe tsakiya a huda rami 3 a kan layin ninkin da basilla ko babbar allura: ɗaya a tsakiya, ɗaya santimita 3 daga sama, ɗaya santimita 3 daga ƙasa. A yanko zare mai kauri, irin na masu gyaran takalmi, santimita 60, a goga masa kakin zuma ko kyandir don kada ya sarƙe. A shiga ta ramin tsakiya daga ciki zuwa waje, a bar wutsiya kamar tsawon yatsa. A dawo ciki ta ramin sama, a gangara a tsallake tsakiya a fita ta ramin ƙasa, sannan a dawo ciki ta ramin tsakiya. Bakin zaren biyu su saka dogon zaren nan a tsakaninsu, a ja, a ƙulla sau biyu. Ja da ƙarfin tsiya yana yaga ramin. A ja har zaren ya kwanta kawai.

Wanda hannunsa ya saba da Larabci da ajami ya buɗe kundinsa ta dama. Ba dole sai da boko ba.

Ruwan ƙaro

Wannan shi ne uwar aikin, don haka a yi shi da natsuwa. Ƙaro iri biyu aka fi gani a kasuwa: na dakwara, wanda ake kira hashab, da na dushe, wato talha. Hashab ya fi haske da ƙarfin riƙo, shi za a nema. A zaɓi ƙwayoyi masu tsabta, a dandaƙa su su zama kamar tsakin masara. Awo ɗaya na ƙaro, awo biyu na ruwa mai ɗumi, a kwalba mai murfi. A bar shi kwana ɗaya zuwa biyu ana motsawa lokaci-lokaci. Kada a tafasa shi don sauri, yana duhu. In ya narke a tace da ƙyalle mai laushi, saboda ɓawon itace da yashi ba sa rasuwa a ciki. Kaurin da ake so shi ne na zuma mai ruwa-ruwa.

A kowane ƙaramin cokali 5 na ruwan ƙaro a sa cokali 1 na zuma. Zumar ce ke hana launi tsagewa in ya bushe, ita ce kuma ke sa ya narke da wuri in an taɓa shi da jiƙaƙƙen buroshi. In ta yi yawa shafi ba ya gama bushewa, ga kiyashi. A ɗiga man kanumfari ɗigo 2, ko a jefa ƙwayar kanumfari 3, don rage saurin lalacewa. Duk da haka, a zafin Afrilu da Mayu ruwan ƙaro yana tsami cikin 'yan kwanaki in babu firiji. A riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, rabin kofin shayi ya isa aikin mako.

Baƙi iri biyu, kuma halinsu ba ɗaya ba

Na farko kowane almajiri ya san shi: tawadar allo, wadda a halwa, wato makarantar allo ta Sudan, ake ce wa amar. A kankare baƙin gindin tukunyar da ake ɗorawa a kan itace, a guji wurin da mai ya zuba, a tankaɗe. Baƙin tukunya ba ya son ruwa, in aka zuba masa kai tsaye sai ya taso sama ya yi ta yawo. Don haka a fara cuɗa cokali 1 nasa da cokali 1 na ruwan ƙaro a kan faranti, a murza da bayan cokali minti 10 har ya yi sumul, sannan a ƙara ruwa cokali 3 ko 4 a hankali. A ja layi a bari ya bushe, a goga da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana ɓamɓarewa, ƙaro ya yi yawa, a ƙara baƙi da ruwa.

Wannan tawada ruwa na wanke ta, shi ya sa ake iya wanke allo. Saboda haka a kundi ita ce ta ƙarshe a shafi. Wanda ya yi rubutu da ita sannan ya bi da jiƙaƙƙen launi, zai ga rubutunsa ya zama gajimare.

Na biyu tawadar bagaruwa ce, garad a bakin mutanen nan, wadda majema suka sani. A sami 'ya'yan bagaruwa busassu 10, a cire ƙwallayen, a daka, a jiƙa a ruwa kofin shayi 2 su kwana, a tafasa har ruwan ya koma kofi 1, a tace. Can gefe kuma a jiƙa ƙusoshi masu tsatsa a rabin kofi na khal, wato ruwan tsamin binega, har mako guda, kada a ɗaure murfin tamau saboda iskar da ke tasowa. A riƙa ɗiga ruwan ƙusar cikin ruwan bagaruwar. Nan take za a ga yana rinewa daga ruwan ƙasa zuwa toka zuwa baƙi. Cokali 1 yakan isa. A ƙara cokali 1 na ruwan ƙaro. Tana fitowa da haske a alƙalami, sai ta yi ta duhu a kan takardar bayan an rubuta. Ita kama takarda take yi, don haka in ta bushe sosai ana iya bin ta da launi ba tare da ta ɓaci ƙwarai ba. Aibinta shi ne in ruwan ƙarfen ya yi yawa, da shekaru takan ci takarda. A keɓe mata gwangwaninta daban da na girki, a kuma ɗaga ta daga inda yara ke kaiwa.

Launuka

Zoɓo, karkade, shi ne mai abin mamaki. Tafi ɗaya a ruwa kofi 2, ba sukari, a dafa a ƙaramar wuta har ya koma rabi, a tace, a sa ruwan ƙaro rabin cokali. A kofi ja ne wur. A ja shi a farar takarda a tsaya a kalla: kafin ya bushe gefensa ya fara komawa ruwan hoda mai duhu, sannan shuɗi-shuɗi mai toka, jan ya rage sai inda ruwan ya taru. Ba lalacewa ya yi ba. Yawancin farar takarda akwai alli a cikinta, launin zoɓo kuwa yana bin tsami ko kanwar abin da ya taɓa. In ana son jan ya tsaya, a matsa lemun tsami ɗigo 5 a cikin cokali 2 na ruwan zoɓon. In ana son shuɗi mai komawa kore, a jiƙa 'yar kanwa, wato atrun, a ɗiga a kan jiƙaƙƙen zoɓon. Kofi ɗaya ya ba da launi uku. Sai dai rana na koɗar da shi, amma tunda kundi a rufe yake kwana, yakan daɗe.

Shayi mai kauri yana ba da ruwan ƙasa mai haske, ya dace da shimfiɗar shafi. Ragowar jabana, wato gahawar Sudan, ta fi shi duhu. Ɓawon albasa in an dafa yana ba da ruwan zinare. Gangamau rawayarsa ta fi kowacce haske amma ita ce mai saurin koɗewa, kuma kanwa na mayar da ita ja mai duhu. Lalle a takarda ba ya yin jan da yake yi a hannu, ruwan ƙasa-ƙasa yake bayarwa. Baƙin sinadarin nan da ake haɗawa da lalle don ya yi baƙi ƙirin kuwa guba ne, kada ya kusanci wannan aiki.

Masu ɗorewa su ne na ƙasa. A ɗebo jangargari ko kowace ƙasa mai launi, a dama da ruwa mai yawa a roba, a jira minti 1 yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman mai launi a wani mazubi, a bar shi ya kwana. Da safe a zubar da garai-garan ruwan, laushin da ya kwanta a shanya. A murza awo ɗaya nasa da awo ɗaya na ruwan ƙaro. Haka ake yi da garin alli a sami fari, da bular wanki, zaharar da ake sa wa farar jallabiya, a sami shuɗin da ba ya koɗewa. A zuba kowanne a murfin gorar ruwa ya bushe. In za a yi aiki sai a taɓa da jiƙaƙƙen buroshi, kamar dai fentin kanti.

Alƙalami na kara ne ko gamba busasshe, tsawon taƙi ɗaya. A fere bakinsa a karkace santimita 2, a tsaga tsakiya santimita 1 don tawada ta riƙa gangarowa, a datse tsinin. Buroshi kuwa, asuwaki sabo da aka dandaƙa bakinsa ya yi gashi yana aiki; ga guntun soso, ga auduga a kan tsinke, ga yatsa.

Shafin farko

Farin shafi yana da kwarjini, musamman na farko. A tsallake shi a fara daga na uku. A cusa tsohuwar takarda a ƙarƙashin shafin da za a yi aiki a kai don kare na bayansa.

A rubuta kwanan wata da gari a kusurwa da biro. Abu ne ƙarami, amma bayan shekara shi ne zai ba shafin ma'ana. Sai a kashe farin: a shafa shayi ko zoɓo da soso, ba sai ya yi daidai ba, a bar wasu wurare fari. A matse soson tukuna, ruwa ya zama laima ba ambaliya ba. A bari ya bushe sarai, a taɓa da bayan hannu. In da sanyi-sanyi, da saura. Rubutu a kan takarda mai laima shi ke sa tawada ta yi gashi.

Yanzu a rubuta da biro minti 5 ba tsayawa, ba gyara, da harshen da ya fara zuwa baki, Hausa ko Larabci ko gauraye. In ba abin faɗa, a fara da abin da ido ke gani ko abin da aka ci da safe. Sauran zai biyo. Biro ba ya narkewa da ruwa, don haka ana iya rufe shi. In abin da aka rubuta ba na idon kowa ba ne, a juya littafin a sake rubutu a kan na farko a gicciye har ya daina karantuwa, ya zama kamar saƙa, ko a bi shi da farin alli mai kauri a bar kalma biyu ko uku suna leƙowa. An faɗa, an huta, kuma ba wanda zai karanta.

Sannan a ba shafin abu guda da ido zai sauka a kai, kada a sa shi a tsakiya cif, a ɗan gusa da shi gefe. A ɗauki misalin ranar da habub, wato guguwar ƙura, ya taso: rabin shafi na sama jangargari mai kauri da aka ja da soso a karkace, ƙasa layin rufin gidaje da baƙar tawada, ƙofa ɗaya tak da aka bari fara, sai jimla guda a ƙarƙashi. Ko wanda ya bar gidansa yana zaune a wani gari: ya zana tsarin tsakar gidan daga sama, inda randa take, inda darbejiya take, inda ake shimfiɗa tabarma da yamma, ya rubuta sunan kowane wuri. Wannan ba ya bukatar gwaninta, tunawa kawai yake so.

Mutane da yawa ba sa zana mai rai saboda addini, kuma kundinsu ba ya rasa komai. Zayyanar allo kaɗai ta ishi mutum shekaru. A ja murabba'i mai santimita 8, a raba shi gida-gida na santimita 1, a cika gidajen da launi biyu ko uku ta yadda dama za ta yi daidai da hagu. A ɗora murabba'i biyu masu girma ɗaya, ɗayan a karkace, tauraro mai tsini 8 ya fito. Bakin kofin shayi da kwabo sun isa yin da'ira. Ga dagi, ga aska takwas ta babbar riga, ga zanen lalle, ga adon tabarma da na ƙwarya. Harafi ɗaya ma in aka ja shi ya cika shafi, zane ne. Ranar da rai ya ɓaci har magana ta ƙi fitowa, cika gidajen zayyana ɗaya bayan ɗaya yana kwantar da hannu da numfashi.

Liƙe-liƙe

Tikitin mota, takardar ganyen shayi, guntun atamfa ko na tobi, wato mayafin matan Sudan, daga wurin tela, ganyen darbejiya da aka danne cikin littafi kwana 10 zuwa 14 har ya bushe ƙayau. Ganye ɗanye yana ruɓewa ya ɓata shafi biyu. Takarda mara nauyi ruwan ƙaro ya ishe ta, ƙyalle da kwali sai gam fari. A shafa gam a jikin abin da za a liƙa har bakinsa, ba a jikin shafin ba, a ɗora tsabtatacciyar takarda a murje. Takardar da aka yaga da hannu ta fi wadda aka yanka da almakashi narkewa cikin shafi. Salatif ba abin dogaro ba ne a zafin nan: danƙonsa yana narkewa, ya bar tabo rawaya, abin ya faɗo.

Kafin a yanka jarida ko tsohon littafin Larabci, a duba gaba da baya. Ayoyi da sunayen Allah suna yawan fitowa, ko a shafin ta'aziyya ko a kan wasiƙa, kuma ba a yayyanka su a shafe da fenti.

Zafi, ƙura da gara

A lokacin zafi tawada na bushewa a bakin alƙalami kafin a gama kalma. A ajiye jiƙaƙƙen ƙyalle kusa ana gogewa, a ƙara wa tawadar ɗigon ruwa, a yi aiki da sassafe ko bayan la'asar. Ranar ƙura kada a bar jiƙaƙƙen shafi a buɗe, a kifa masa tire. Kada a shanya shafi a rana don sauri. Yana lanƙwashewa, launin ganye kuma ya tafi. Da damina matsalar juyawa take: shafuka masu ƙaro da zuma suna jan laima su manne da juna. A tabbata sun bushe kafin a rufe, a sa farar takarda tsakani, in kuma an ga funfuna a buɗe littafin a inuwa mai iska a goge da busasshiyar auduga. Shafin da ya yamutse, a danne shi ƙarƙashin abu mai nauyi ya kwana.

Gara da kyankyaso suna son ƙaro da takarda. Kada kundi ya kwana a ƙasa ko jingine da bangon laka. Gafaka, ko gwangwanin biskit mai murfi da 'yan ƙwayoyin kanumfari a ciki, a ɗora a sama.

Abu na ƙarshe ya shafi halin da ake ciki. Littafi yana iya faɗawa hannun mai bincike a shingen hanya. Kada a rubuta cikakkun sunayen mutane, lambar waya ko ta katin shaida, kada a zana taswirar hanya ko wani abu da za a ɗauka na soja ne. In tafiya ta kama kuma kaya sun yi yawa, a ɗauki hoton kowane shafi da waya a inuwa mai haske, sannan a nannaɗe kundin a leda biyu a sa shi tsakiyar tufafi, inda ruwa da gumi ba za su kai gare shi ba.